Titin da Ba Ya Yafe Kuskure

Wata Alhamis bayan la'asar na shiga Sharon daga Kaduna zan koma Zariya. Mu biyu a kujerar gaba, huɗu a tsakiya, uku a baya, buhunan wani ɗan kasuwa kuma sun hana but rufuwa, sai da aka ɗaure shi da igiya. Muna wuce Mararrabar Jos direba ya taka totur. Daga inda nake a matse ina hango allurar maleji ta haura 130. Wani dattijo a baya ya yi gyaran murya ya ce, "Direba, don Allah a sassauta, mun baro iyali a gida." Direba ko waiwaye bai yi ba. Wani matashi ne ya amsa a madadinsa: "Haba Baba, ai in kwana ya ƙare ko a kan gado kake sai ka tafi." Aka yi dariya, dattijo ya ja bakinsa ya tsuke, ya ci gaba da jan carbi. Can gaba direba ya hango jami'ai a gefen hanya, sai ya jawo bel ya ratayo a ƙirji, ya danne bakinsa da cinya ba tare da ya maƙala ba. Muna giftawa ya sake shi ya koma mazauninsa.

Lafiya lau muka iso Ɗan Magaji, kamar yadda yawancin motoci ke isowa. Amma da na zauna na yi lissafi, abin ya ba ni haushi. Tsakanin Kaduna da Zariya kimanin kilomita 80 ne. Mai tafiya a kan 100 zai ci hanyar cikin minti 48, mai tafiya a kan 130 kuma cikin minti 37. Saboda minti goma sha ɗaya aka saka rayukan mutum goma a caca, kuma rabin mintocin nan sun tafi wajen kwance buhuna da rigimar canji.

Duk shekara Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, tana fitar da alƙaluman mutanen da suka mutu a kan titunan Najeriya. A 2023 ta ce mutum 5,081 ne, a 2024 kuma 5,421. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke yin nata ƙiyasin ta wata hanya dabam, a rahotonta na 2018 ta ce adadin Najeriya ya kusa 40,000 a shekara. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ta fi ƙarfin kuskuren lissafi, kuma duk ɗan Zariya da ya taɓa zaman makoki ya san inda sauran suka shiga. Mota ta buge yaro a wajen Tashar Yari da hantsi, kafin azahar an yi masa sutura an kai shi makwanci. Direba ya zo da dattawan tasharsu ta'aziyya, uban yaro ya ce, "Mun yafe, Allah Ya ƙaddara, ba ma son magana ta je ko'ina." Ba takardar asibiti, ba ta 'yan sanda, ba shaidar mutuwa. Wani kuma an kwashe shi da rai, ya cika bayan kwana tara a gida ko a wajen mai ɗori. A ƙa'idar duniya duk wanda ya rasu cikin kwana 30 saboda raunin haɗari ana saka shi cikin lissafi, amma wa zai bi shi har lungun Tudun Jukun ya rubuta?

Yafiyar nan tamu halin kirki ce, ba na kushe ta. Sai dai tana da wani farashi da ba mu cika kula da shi ba: idan iyaye sun yafe wa direba, mun haɗa har da titin mun yafe masa. Ba wanda zai koma ya duba dalilin da ya sa yaro ya shiga gaban mota a daidai wurin, balle a gyara. Bayan wata uku wani yaron zai faɗi a nan ɗin.

A nan ne ƙasar Suwidin ta sha bamban da sauran duniya. A 1997 majalisar dokokinta ta amince da wata manufa da ake kira Vision Zero, ma'ana burin a wayi gari babu mai mutuwa ko samun mummunan rauni a kan titi. Da yawa sukan ji sunan su yi murmushi, su ce mafarki ne. Amma gundarin tsarin ba a lambar sifiri yake ba, yana cikin yadda aka sauya tambaya. Da can, idan haɗari ya faru, abin da ake tambaya shi ne laifin wa. Su kuma suka ce ɗan Adam ajizi ne: zai yi gyangyaɗi, zai yi waya, yaro zai bi ƙwallo da gudu, tsohuwa za ta kasa auna nisan mota. Shekara ɗari ana wa'azi ba a samu direban da ba ya kuskure ba, kuma ba za a samu ba. To tunda kuskure dole ne, wajibin wanda ya zana titi, da wanda ya ƙera mota, da wanda ya yanka ƙa'idar gudu, shi ne su tabbatar hukuncin kuskure bai zama kisa ba. Sun yarda za a ci gaba da karo. Abin da ba su yarda da shi ba shi ne karon ya zama ajali.

Daga nan sai suka koma kan jikin mutum, suka tambayi iya bugun da zai ɗauka ya rayu. Mai tafiya a ƙasa da mota ta buga tana kan kilomita 30 a sa'a, galibi yakan tashi. Daga 50 zuwa sama lamarin ya canza, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwarsa yana ninkuwa sau huɗu da rabi tsakanin 50 da 65. Wanda ke cikin mota mai kyau, sanye da bel, zai iya tsira daga bugun gefe har zuwa wajen 50, daga taho-mu-gama kuma har zuwa wajen 70. Dalili a fili yake ga duk wanda ya yi kimiyya a sakandare: idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugu ninkuwa huɗu yake yi. A kan waɗannan lambobi uku suka gina komai. Inda mutane da motoci ke cakuɗuwa, 30. Inda hanyoyi ke giciye, a sa shataletale, domin shi ko direba ya ƙi ko ya so sai ya rage gudu. Inda ake son a yi gudu sosai, a raba hannu biyu da shinge. Suka ɗauki hanyoyinsu na karkara suka mai da su layi uku, na tsakiya yana karɓa-karɓa tsakanin masu zuwa da masu dawowa, da shingen waya a tsakani, ta yadda aron hannu ya zama ba ya yiwuwa. Kuma duk haɗarin da aka rasa rai a cikinsa, hukumar hanyoyinsu sai ta bincike shi daki-daki, don a gano abin da za a canza a wurin.

Shekarar da suka fara, mutum sama da 500 suka mutu a titunansu. Yanzu adadin yana yawo a 200 da ɗoriya, alhali motoci sun ƙaru. Ba su kai sifiri ba. Amma birnin Oslo na Norway ya kammala 2019 ba tare da mota ta kashe mai tafiya a ƙasa ko mai keke ko guda ba, Helsinki ta ƙasar Finland kuma ta yi wata goma sha biyu cur, daga tsakiyar 2024 zuwa tsakiyar 2025, babu wanda ya mutu a titinta. Kada dai a ɗauka sunan ne ke aiki. Birnin New York ya rungumi Vision Zero a 2014, wasu biranen Amurka suka bi sahu, amma duk da haka a 2021 da 2022 mutanen da suka mutu a titunan Amurka sun haura 40,000 kowace shekara. Inda aka ari take aka bar titi yadda yake, ba abin da ya motsa.

Na san abin da matashin cikin Sharon zai ce: wannan tunanin waɗanda ba su yi imani da ƙaddara ba ne. Ni kuwa a ganina ya fi kusa da abin da aka karantar da mu a zaure fiye da maganarsa. Mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yin bayani a kan wanda ya haƙa rami a hanyar jama'a wani ya faɗa, cewa akwai lamuni a kansa. Ba su ce ai kwanan mamacin ne ya ƙare a bar maganar ba. Kwanansa ya ƙare, gaskiya ne, kuma mai ramin zai amsa tambaya. Abin da Suwidin ta yi bai wuce ta nemo mai ramin ba, sai ta tarar sau da yawa gwamnati ce.

Ba za a ce Najeriya ta naɗe hannu ba. An kafa FRSC a Fabrairun 1988 zamanin Janar Babangida, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, kuma tana cikin tsofaffin hukumomi irinta a Afirka. A 2003 ta fara tilasta ɗaura bel. A 2009 aka zo da dokar hular kwano. A Fabrairun 2017 aka fara kama motocin haya da ba su da na'urar ƙayyade gudu. Akwai lambar gaggawa ta 122, akwai motocin ɗaukar majinyata da ƙananan asibitoci a gefen wasu manyan hanyoyi. Akwai majalisar ba da shawara kan kiyaye haɗurra wadda Mataimakin Shugaban Ƙasa ke jagoranta, da kundin dabaru na 2021 zuwa 2030 wanda ya yi daidai da alƙawarin Majalisar Ɗinkin Duniya na rage mace-mace da raunuka da rabi kafin 2030. A jiha kuma muna da KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna. Kuma duk wanda ya taɓa ganin ma'aikatan FRSC suna ciro mutane daga cikin motar da ta murƙushe, da tsakar dare, wani lokaci da hannu da gatari, ba zai raina aikinsu ba.

Sai dai a sake duba jerin nan. Kusan duk abin da ke cikinsa a kan direba ya sauka: a yi masa wa'azi, a tare shi, a ci shi tara. Hukumar da aka ɗora wa alhakin rage mutuwa ba ita ke zana titi ba. Babbar hanya ta Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ce, facinta na FERMA, hukumar gyaran hanyoyin tarayya, titunan cikin gari na jiha, kasuwar da ta malalo kan kwalta kuma ta ƙaramar hukumar Zariya ko ta Sabon Gari. Idan aka rasa rai a Gwargwaje, kowannensu yana da wanda zai nuna da yatsa, kuma duk yatsun a kan direba suke haɗuwa, shi da ko dai ya mutu ko ya tsere. Rahoto zai ce gudun wuce sa'a ne sanadi. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Saura a faɗi abin da ya sa titin da ya ratsa tsakiyar mutane yake gayyatar mota ta yi 120.

Hanyar Abuja zuwa Kano ta Kaduna da Zariya, mai tsawon kilomita 375, ita ce babban misali. An ba kamfanin Julius Berger kwangilar sake gina ta a ƙarshen 2017, kuma ɓangaren Kaduna zuwa Zariya ya fito sumul. Wanda ya san hanyar lokacin ramuka, lokacin da ake karkatar da motoci duka zuwa hannu ɗaya ana taho-mu-gama ba dare ba rana, dole ya gode. Amma ramukan nan, duk da sharrinsu, su ne birkin da ke hana gudu. An cire su, ba a sa komai a gurbinsu ba. Ga shi kuma hanyar ba a daji kaɗai take tafiya ba. A Birnin Yero, a Jaji, a ƙauyukan da ke tsakani, gida yana wannan hannu, gona ko makaranta ko masallacin Juma'a ko famfo yana wancan. Injiniya ya zana hanyar da za a yi gudu, mutanen gari kuwa tsakar gidansu ce aka shimfiɗa wa kwalta. Ka tsaya a irin wurin nan da safe ka gani: yarinya 'yar shekara takwas da farantin talla a ka, riƙe da hannun ƙaninta, tana leƙen dama da hagu. Motar da ke kan 120 tana cinye mita 33 cikin daƙiƙa guda. Babba ma ba ya iya auna wannan da ido, balle ita. In ta yi kuskure sau ɗaya cikin tsallakawa dubu, shi ke nan.

Inda aka raba hanya aka sa wurin juyawa da nisa kuwa, ɗan acaba ba zai ƙona man kilomita uku don ya kai fasinja wancan hannun ba. Zai bi hannun da ba nasa ba, ko a fasa masa wata 'yar kafa a tsakiya. Muna kiran wannan taurin kai. Mai zana titi a Suwidin zai kira shi saƙo: mutane suna nuna maka inda suke buƙatar tsallakawa, kai ne ba ka tanadar musu ba. Haka batun gadar masu tafiya a ƙasa. Ana gina ta, a ga mutane suna bi ta ƙarƙashi, a ce ba su da hankali. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, da mai turin baro, da mai jan akuya zuwa kasuwa, da mai keken guragu, wanne cikinsu zai hau matakala arba'in?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne talakawan bakin hanya sun riga gwamnati gane karatun. Duk ƙauyen da mota ta kashe musu yaro, ba allon gargaɗi suke kafawa ba, ba kuma lacca suke shiryawa direbobi ba. Washegari za ka tarar sun jibge ƙasa da duwatsu ko kututture sun yi tudu a kan kwalta. Ba su taɓa jin sunan Vision Zero ba, amma sun san direba ba ya jin magana sai ta ƙarfen motarsa. Matsalar ita ce tudun nasu ba fenti, ba alama, ba awo, da dare shi ma kisa yake yi, musamman ga mai babur. Sai hukuma ta zo ta kankare, ta ce ba a yarda da tudu a babbar hanya ba, ta tafi. Dukkansu suna da gaskiya, kuma yaro na gaba ne zai biya. Abin da ya kamata a yi a mashigar kowane gari sananne ne: a tsuke hanya, a sa jerin ƙananan kunyoyi masu girgiza mota tun daga nesa, a ɗaga wurin tsallakawa da fenti da fitila, a bar tsibiri a tsakiya inda mutum zai tsaya ya huta kafin ya ƙarasa, a janye kasuwa da tasha zuwa titin gefe. 

Shi kansa direban da muke zagi, ya kamata a leƙa aljihunsa. Motar ba tasa ba ce, akwai balas da zai kai wa maigida kullum. Kafin ya bar tasha ya biya kuɗin lodi da na kamasho, a hanya kuma akwai hannuwan da ke jira. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 lissafin ya ƙara tsuke masa. Abin da ya rage masa shi ne ya cusa mutum biyu a gaba, ya yi sawu uku maimakon biyu, ya sayi tayar gwanjo da ta gama rayuwarta a Turai, ya kori barci da goro ko abin da ya fi goro. Wani direba da muke sallah tare ya taɓa ce mini, "Malam, ni ma ina son raina. Amma in na bi dokar nan yadda take, wallahi da bashi zan kwana." Ban ce uzuri ne ba. Amma tarar da za a ci shi gobe ba ta canza ko ɗaya daga cikin lambobin da ke tura ƙafarsa kan totur, ƙari ma take yi a kansu. Na'urar ƙayyade gudu kuwa, tunanin daidai ne, don ita ba ta roƙon direba, hana shi take yi. Sai dai shekaru bayan fara dokar, allurar da na gani a 130 ta isa amsa. Ga kuma matsalar tare motoci a hanya: jami'i a gefen hanya yana kama wanda ya tsaya ne, mai gudun tsiya ya riga ya wuce. Kyamarar auna gudu ba ta san ɗan wane ba, ba ta karɓar na goro, amma tana buƙatar rajistar motoci mai adireshin gaskiya, wanda shi ma wani aikin ne.

Maganar babur gajeriya ce kuma mai ɗaci. Hular kwano mai inganci tana rage haɗarin mummunan rauni a ka da kusan kashi 70 cikin 100. Da aka zo da dokar a 2009, wasu 'yan acaba ƙwarya suka kifa a ka, fasinjoji kuma suka ce suna tsoron asiri da ƙwarƙwata. Aka yi 'yan watanni ana kame, aka watsar. Yau ka tsaya a PZ ko ƙarƙashin gadar Kwangila ka ƙirga masu hula cikin babura ɗari. A Kigali ta Ruwanda, ɗan acaba da fasinjansa kowa da hularsa, kuma su ma Afirka ce, su ma ba masu kuɗi ba ne.

Sai manyan motoci. Zariya gari ne da jirgin ƙasa ya raya, daga nan layi ya rabu zuwa Kano, zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, har da ƙaramin layin Jos da aka rufe a 1957. Gyaɗa da auduga da fatu a kan dogo suke tafiya. Yanzu siminti, taki, hatsi, shanu da fetur duk sun dawo kan kwalta ɗaya da Keke Napep, kuma a saman lodin akwai mutane zaune, saboda kuɗin mota ya gagare su. Tirela ɗaya in ta kife sai a kwashi gawa talatin. A Oktoban 2024 tankar mai ta kama da wuta a Majiya ta jihar Jigawa, mutum sama da 150 suka salwanta. Bayan wata uku aka sake yin irinta a mahaɗar Dikko ta jihar Neja. Gwamnati ta hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 lodi daga Maris 2025, kuma wannan mataki ne irin wanda ake nema, don ya taɓa tsarin ne kai tsaye. A ƙarshen Mayun 2025 kuma motar 'yan wasan jihar Kano da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a hanyar Zariya zuwa Kano, sama da mutum ashirin suka rasu, saura ƙiris su isa gida. Gajiya bayan doguwar tafiya abu ne da kowane direba ke yi. Tambayar da tsarin Suwidin zai yi ita ce me ya kamata ya tare mota a bakin gada idan ta ƙwace. Layin dogo na Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda zai ratsa ta Zariya, in ya kammala ya ɗauke kaya, zai yi wa titin nan abin da jami'i dubu ba za su yi ba.

Akwai kuma sa'ar farko bayan haɗari, wadda sau da yawa ita ke raba mai rai da gawa. Ƙanin wani maƙwabcina ɗan acaba ne. Mota ta kwashe shi da magariba, cinyarsa ta karye, yana zubar da jini. Jama'a suka taru, rabi suna salati, rabi suna ɗaukar hoto. Waɗanda suka taimaka, da zuciya ɗaya, suka kama shi hannu da ƙafa suka lanƙwasa shi cikin Keke. A asibitin farko aka ce a kawo kuɗi kafin a taɓa shi, aka wuce na biyu. Ya rayu, amma yau da sanda yake tafiya, babur ɗin da ake biya kullum an karɓe, 'ya'yansa uku sun koma hannun yayansa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, amma mutumin da ke riƙe da ɗan'uwansa cikin jini ba shi da lokacin karanto sashe. Shi dai ba ya cikin lissafin matattu, kuma irinsa sun ninka matattun yawa. Muna da asibitin koyarwa a Shika, amma daga bakin hanya zuwa Shika akwai tafiya. 'Yan acaba, 'yan kamasho, masu faci da masu shayi su ne ke fara isa wurin haɗari. Horon yini biyu kan yadda ake tsai da jini da yadda ake ɗaga wanda ake zargin ya karye a wuya ba zai gagari kowace ƙaramar hukuma ba.

Masu cewa wannan duk sai ƙasa mai arziki, su leƙa Darussalam ta Tanzaniya. Wata ƙungiya mai suna Amend ta bi makarantun firamare da yara suka fi samun rauni, ta sa tudun rage gudu, da wurin tsallakawa, da hanyar ƙafa, ta sauya wa wasu makarantun ƙofa daga bakin babban titi. Binciken da aka yi ya nuna raunukan yara sun ragu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. A Kenya kuma takarda kawai aka liƙa cikin motocin haya, tana zuga fasinja ya buɗe baki idan direba na ganganci, kuma haɗurran da ake kai wa kamfanin inshora suka ragu a motocin da aka liƙa wa. Na tuna dattijon cikin Sharon. Da mutum uku sun mara masa baya maimakon dariya, da allurar ta sauka.

Abin takaicin shi ne ilimin ba nesa yake ba. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya, NITT, tana nan kan hanyar Basawa tun 1986. Jami'ar Ahmadu Bello tana yaye injiniyoyin hanya da masu tsara birane duk shekara. Aikin farko ba ya buƙatar kwangila: a zana taswirar Zariya da Sabon Gari, a ɗiga jan alƙalami a duk inda aka rasa rai cikin shekara uku, daga Ɗan Magaji zuwa Ƙofar Doka, daga Kwangila zuwa Samaru da Shika, hanyar Soba da ta Funtuwa. Za a ga ɗigon ba a warwatse yake ba, yana taruwa ne a 'yan wurare ƙalilan, kuma kowane wuri a rubuta sunan hukumar da ke da shi da ranar da za ta gyara. Bayanan ma suna nan a hannun mutane. Limamin da ya sallaci gawa ya san ranar, mai unguwa ya san gidan, mai facin da ke bakin wurin ya san irin motar da inda ta fito da ƙarfe nawa ne. A unguwarmu mai facin yana iya lissafo maka mutum shida da suka mutu a lanƙwasar hanya ɗaya da ke gaban rumfarsa, da sunan uban kowannensu, kuma ya ce har yau ba wanda ya zo da biro da takarda ya tambaye shi.